Sa Barci da Jinyar Mai Sikila a Tiyatar Zuciya: Abin da Aka Gano a Asibitin Korle Bu

1.0 Gabatarwa

A unguwannin zango na birnin Accra, irin su Nima da Maamobi da Sabon Zango, idan aka ce za a yi wa wani aiki a zuciya, tambayoyi biyu ne dangi suke fara yi: nawa ne kuɗin, kuma wane likita ne zai riƙe wuƙa. Da wuya a ji wanda ya tambayi wane ne zai sa majinyacin barci, ko wa zai zauna a kansa daren farko bayan an fito da shi. Alhali kuwa binciken masana ya nuna cewa rayuwar majinyaci ta rataya a kan waɗannan mutane kamar yadda ta rataya a kan likitan fiɗa. Wannan takarda za ta yi bayanin aikin likitan sa barci a tiyatar zuciya, sannan ta tsaya a kan wata matsala guda wadda ta shafi mazauna zango kai tsaye, wato yadda ake yi wa mai cutar sikila irin wannan aiki, da amsar da likitocin Gana suka bayar.

2.0 Cibiyar Zuciya ta Korle Bu

An buɗe asibitin Korle Bu a shekarar 1923, zamanin Gwamna Guggisberg. A nan ne Farfesa Charles Easmon ya yi aikin buɗe zuciya na farko a ƙasar Gana a 1964, inda ya toshe wata huda da ke tsakanin ɗakunan zuciya biyu na sama. Bai yi amfani da na'ura ba. Sanyaya jikin majinyacin aka yi daga waje har bukatar jiki ga iskar oksijin ta ragu, abin da ya ba likita damar tsayar da gudun jini na 'yan mintoci ya yi ɗinki. Wannan ya riga na Nijeriya da shekara goma, domin a 1974 aka yi irinsa na farko a Inugu. Sai dai aikin bai ɗore ba a Gana, har sai da Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya dawo daga birnin Hanoba na ƙasar Jamus a 1989, ya kafa cibiyar tiyatar zuciya da ƙirji ta ƙasa a cikin Korle Bu, wadda aka buɗe a hukumance a 1992. Tun daga lokacin cibiyar take karɓar majinyata daga Gana da maƙwabtanta, tana kuma horar da likitocin Afirka ta Yamma. Mutumin Nima da aka gano yana da ciwon zuciya mai bukatar aiki, ko a asibitin Maamobi aka fara ganinsa ko a asibitin soja na 37 da ke kusa da unguwar, galibi can ne tafiyarsa take ƙarewa.

Cututtuka biyu ne suka fi kai yara da matasa wannan cibiya. Akwai wanda aka haifa da huda a zuciya. Akwai kuma wanda ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, wanda ba a yi wa magani da kyau ba, ya koma ya lalata masa ƙyauren zuciya, wato bawul ɗin da ke hana jini komawa baya, kamar dai na tayar keke. Wannan na biyun ciwo ne da ke bin cunkoso, inda yara da yawa ke kwana ɗaki ɗaya, kuma duk wanda ya san gidajen haya na Nima ya san abin da ake nufi.

3.0 Aikin Likitan Sa Barci

Kalmar "sa barci" da Hausa ta ɗauka tana da sauƙin faɗa, amma tana rage wa aikin girma. Mai barci yana numfashi da kansa, idan aka tsikare shi ya farka. Wanda ke kan gadon tiyata kuwa abubuwa uku aka yi masa a lokaci guda: an gusar da hankalinsa, an kashe masa jin zafi, an kuma sassauta masa tsoka da wata allura har ta kai ba ya iya jan numfashi, sai na'ura ta yi masa ta bututun da aka zura a maƙogwaro. Tun da aka fara nuna aikin sinadarin ita a birnin Boston ranar 16 ga Oktoba, 1846, matsalar ɗaya ce: kusan duk maganin da ke gusar da hankali yana kuma saukar da ƙarfin bugun jini. Lafiyayye ba zai damu ba. Amma wanda ƙyauren zuciyarsa ya tsuke, saukar bugun jini ta minti biyu tana iya kai shi lahira tun kafin a taɓa shi da wuƙa. Saboda haka tun kafin a ba shi maganin ake sa masa wani siririn bututu a jijiyar hannu mai nuna ƙarfin jini a kowane bugu, kuma a hankali ake ɗura maganin, ana yi ana dubawa.

Bayan an buɗe ƙirji sai a zo ga na'urar zuciya da huhu, wadda John Gibbon ya fara cin nasarar aiki da ita a Amurka a watan Mayun 1953. Ana janye jini daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na'urar, ta sa masa oksijin, ta mayar da shi cikin babbar jijiyar jiki. Da yake jini yana daskarewa da zarar ya taɓa roba, likitan sa barci ne yake ba da maganin heparin mai hana daskarewa, ya kuma auna: jinin da a ka'ida yake daskarewa cikin kimanin minti biyu, sai ya wuce daƙiƙa 400 bai daskare ba kafin a kunna na'ura. Daga nan a sanyaya jinin, zafin jiki ya sauka daga digiri 37 zuwa tsakanin 28 da 32, a matse babbar jijiya, a ɗura wa zuciya ruwa mai sanyi mai ɗauke da sinadarin fotasiyam, ta tsaya cak. Idan an gama ɗinki sai a ɗumama jiki, zuciya ta tashi, a ba da firotamin domin ya karya ƙarfin heparin. Lokacin raba majinyaci da na'ura shi ne mafi nauyi a wuyan likitan sa barci, domin a nan ne ake sanin ko zuciyar da aka gyara za ta iya ɗaukar kayanta.

Haka abin yake, da ɗan bambanci, a aikin manyan jijiyoyin jini, kamar na babbar jijiyar ciki idan ta kumbura. Matse ta yana ɗaga bugun jini nan take, sakinta kuma yana kayar da shi, ƙoda na tsakiya tana jiran sakamako.

4.0 Matsalar Mai Sikila

Sikila, wadda wasu Hausawa ke kira amosanin jini, tsohuwar cuta ce a Gana. Dokta Felix Konotey-Ahulu, wanda ya daɗe yana nazarinta, ya nuna cewa ƙabilun ƙasar sun san ta da sunaye tun kafin zuwan likitocin Turawa: Gaawa suna cewa chwechweechwe, Ashantawa ahotutuo, Ewe kuma nuidudui, sunayen da ke kwaikwayon cizon da ciwon ke yi a ƙashi. Gwajin jarirai da aka fara a Kumasi a 1995 ya nuna cewa kimanin jariri 2 cikin 100 ake haifa da cutar, kuma wajen mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar yana ɗauke da irin S ko na C ba tare da ciwo ba. Irin C ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, inda asalin da yawa daga mazauna zango yake, kamar Dagomba da Mosawa. Wannan yana da muhimmanci, domin mai SC yakan kai girma jininsa bai taɓa yin ƙasa sosai ba, bai san yana da cutar ba, sai ranar da aka gwada shi saboda tiyata.

Abubuwan da ke lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila su toshe ƙananan jijiyoyi sanannu ne: ƙarancin oksijin, sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, tsamin jini, da tsayawar jini wuri ɗaya. Idan aka koma aka dubi abin da aka bayyana a sama, za a ga cewa tiyatar zuciya kamar an tsara ta ne domin ta tara waɗannan duka. Wannan ya sa likitocin Ingila da Amurka suka daɗe a kan ka'idar musanya jini kafin aiki, wato a janye jinin majinyaci a maye gurbinsa da na lafiyayyu, har sai irin S ya koma ƙasa da kashi 30 cikin 100.

Ka'idar tana da hujja, amma tana da tsada, kuma ba tsadar kuɗi kaɗai ba. Musanya tana cin leda da yawa, ban da wanda aikin kansa zai ci. A Gana mafi yawan jinin da ake samu a asibiti dangi ne ke bayarwa a madadin wanda za a ƙara wa nasu. Wato sai an bi gida gida da masallaci masallaci ana neman matasa, kuma cikin waɗanda suka amsa kira wasu za a mayar saboda ƙarancin jini, wasu saboda ciwon hanta, wasu kuma saboda su ma suna ɗauke da irin S, wanda ba a son jininsa wajen musanya. Bugu da ƙari, yawan ƙarin jini yana sa jikin mai sikila ya ƙirƙiri garkuwa a kan jinin wasu, ta yadda nan gaba, ranar da yake matuƙar bukata, samun wanda ya dace da shi zai yi wuya.

Likitocin Korle Bu sun ɗauki wata hanya. A 1998 Frimpong-Boateng da abokan aikinsa suka buga rahoto a wata mujallar tiyatar zuciya ta Turai cewa sun yi wa masu SS aiki da na'ura, da sanyayawa, ba tare da musanya ba, kuma an tashi lafiya. Majinyatan 'yan ƙalilan ne, don haka ana iya cewa sa'a ce. Sai a 2014 Dokta Frank Edwin, likitan fiɗa, da Dokta Ernest Aniteye, likitan sa barci, tare da wasu, suka tattara bayanan kusan shekara ashirin na majinyata 33 masu irin S, suka gwama kowanne da wani majinyaci marar sikila da aka yi wa aiki iri ɗaya. Ba wanda aka yi wa musanya a cikinsu. Ƙarin jini na yau da kullum kawai aka yi, gwargwadon abin da ya zuba. Sakamakon masu sikila bai fi na takwarorinsu muni ba, illa dai masu SS sun bukaci ƙarin jini fiye da sauran, abin da ba mamaki a ciki tunda da ƙarancinsa suka zo.

Me ya sa abin da ake tsoro bai faru ba? Masana sun kawo dalilai. Na farko, na'urar tana iya cika jini da oksijin fiye da yadda huhun majinyaci yake yi, kuma ƙwayar da ta ƙoshi da oksijin ba ta lanƙwashewa. Na biyu, ruwan da ake cika na'ura da shi kafin a fara yana tsinka jini, ya rage masa kauri. Na uku, wanda ya fi ban sha'awa, shi ne cewa sanyi a kan kansa ba ya gaggauta lanƙwasar ƙwayar jini. A ɗakin gwaji ma jinkirta ta yake yi. Illar sanyi ga mai sikila ita ce yana tsuke ƙananan jijiyoyi, jini ya tsaya, kamar yadda ake gani lokacin hunturu. Idan likitan sa barci ya ba da maganin da ke buɗe jijiyoyi, mai kula da na'ura kuma ya riƙe gudun jini da ƙarfi, ana auna tsamin jini a kai a kai ana gyarawa, to an toshe ƙofar da sanyi ke shigowa. Ita kuwa zuciyar da aka tsayar, ruwan fotasiyam ya riga ya wanke jinin da ke cikin jijiyoyinta, babu abin da zai lanƙwashe a ciki. Ke nan nasarar ba ta fito daga wani sabon magani ba, ta fito ne daga sa ido.

Duk da haka bai kamata a ɗora wa wannan bincike kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Mafi yawan mutum 33 ɗin masu AS ne, waɗanda ba su da cutar, ɗauke da irinta kawai suke. Masu SS da SC ba su da yawa. Binciken na cibiya ɗaya ne, kuma waiwaye aka yi a kan takardun da suka gabata, ba a kasa majinyata kashi biyu bisa ƙuri'a ba. Wani gwaji da aka buga a Ingila a 2013 ya nuna cewa masu sikila da aka yi wa ƙananan ayyuka da matsakaita ba tare da ƙarin jini ko kaɗan ba sun fi shiga matsala, musamman ta ƙirji. Don haka kuskure ne a fahimci cewa mai sikila ba ya bukatar jini. Abin da Korle Bu ta nuna shi ne ƙari daidai bukata yana iya wadatarwa, musanya ba tilas ba ce ga kowa. Cibiyoyi da yawa a Turai da Amurka suna nan a kan musanya, kuma inda jini yake a wadace ba za a zarge su ba. Amma ga yaron Maamobi wanda rashin leda takwas ko goma zai sa a yi ta ɗage masa aiki har zuciyarsa ta gaza, bambancin ba ƙarami ba ne. Iskar binciken duniya ma ta wannan fuska take kaɗawa: wani babban gwaji na 2017 a kan majinyatan zuciya fiye da 5,000, waɗanda ba don sikila aka zaɓe su ba, ya gano cewa jinkirta ƙarin jini har sai awonsa ya sauka ƙasa da 7.5 bai fi hatsari ba a kan ƙarawa tun yana ƙasa da 9.5.

5.0 Kafin Aiki da Bayansa

A 2018 mujallar Lancet ta buga sakamakon wani nazari da ya bi majinyata 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25. Tiyata ce kowace iri, ba ta zuciya kaɗai ba. Majinyatan sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, amma haɗarin mutuwarsu bayan aikin da aka tsara ya ninka na duniya sau biyu. Cikin 239 da suka rasu, kashi 94 cikin 100 ba a ranar aiki suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya. Ma'ana, matsalar takan taso ne a ɗakin jinya, ba a ankara da wuri ba. Ga mai sikila kwanaki ukun farko su ne abin tsoro, lokacin da ciwon ƙirji ke tasowa idan zafin rauni ya hana shi jan dogon numfashi. Maganinsa oksijin, da ɗumi, da ruwa daidai, da kashe zafi sosai har ya iya tari. A da, bisa tsarin da aka fara a Boston a 1969, ana ba majinyacin zuciya mofin mai yawa ya kwana a kan na'urar numfashi. Daga shekarun 1990 aka koma rage maganin domin a cire bututu cikin sa'o'i kaɗan, abin da ya fi dacewa da asibitin da gadajen kulawa ta musamman ba su da yawa.

Akwai kuma rabon da ke hannun dangi. Ka'idar da aka fi bi ita ce a daina abinci sa'a shida kafin sa barci, ruwa zalla kuma sa'a biyu. Koko ba ruwa ba ne a wannan lissafi, komai tsinkewarsa, kuma uwar da ta ɗan ba yaro a ɓoye don tausayi tana iya sa amai ya shiga huhunsa. Haka nan duk wani jiƙo ko maganin gargajiya, da ƙwayoyi irin taramol da wasu matasa ke sha, wajibi ne a faɗa, domin wanda jikinsa ya saba da su awon magani na kowa ba zai kashe masa zafi ba. Likita ba ɗan sanda ba ne. A nan ne harshe ke shigowa. A Korle Bu an fi jin Turanci da Twi da Ga, tsohuwar da ta fito daga Nima kuwa Hausa take ji, Hausar ma irin ta Gana. Sau da yawa jika ne yake yin tafinta, kuma jika yakan ji nauyin tambayar kakarsa wasu abubuwa, ko ya taƙaita bayanin minti biyar ya ce, "Kaka, ya ce ba komai." Wasu iyalai kan tambayi asalin magani, kuma hakkinsu ne a gaya musu: galibin heparin daga hanjin alade ake samunsa, ƙyauren zuciya na nama kuma akwai na alade akwai na saniya. Malamai da dama sun halatta irin wannan a bisa larura, amma jin bayanin kafin aiki ya fi jinsa a bakin maƙwabci daga baya. Ta fuskar kuɗi, inshorar lafiya ta ƙasa da aka kafa a 2003 ba ta ɗauki tiyatar zuciya ba sai wadda haɗari ya jawo, shi ya sa iyalai suka daɗe suna dogaro da gidauniyar zuciya ta Gana da gudummawar jama'a. A 2025 gwamnati ta kafa wani asusu na musamman domin manyan cututtuka irin waɗannan.

Wanda aka sa wa ƙyauren ƙarfe, jinyarsa ba ta ƙare da sallama daga asibiti ba. Zai sha wafarin, maganin tsinka jini, har ƙarshen rayuwarsa, yana zuwa awo lokaci lokaci. Ganye irin su ayoyo da zogale da kontomire suna rage ƙarfin maganin. Ba a ce ya bar miyar ayoyo da tuwon zafi ba, abin da ake so shi ne cinsa ya daidaita, kada ya ci kullum wannan mako ya bari gaba ɗaya mako mai zuwa. Idan azumi ya zo, ya tuntuɓi likita a kan lokacin shan magani. Mace mai son haihuwa ta yi magana tun kafin a zaɓi irin ƙyauren da za a sa mata, domin wafarin yana iya cutar da ɗan tayi a watannin farko. Katin asibiti kuma ya kasance a aljihu, a nuna wa mai cire haƙori da ungozoma, har da wanzami, domin ƙaho ko tsaga da ba komai ba ne a jikin wani, a jikin mai shan wafarin jinin yana iya ƙin tsayawa.